Darasi: Zaɓen Famfon Feshi Don Lambu

In manomi ya shiga shagon kayan gona a Kano, Zariya, Gusau ko Maraɗi don sayen famfon feshi, tambayoyi biyu aka fi yi wa mai shago: lita nawa yake ci, kuma nawa ne kuɗinsa. Tambayoyi ne masu kyau, amma su ya kamata su zo a ƙarshe. Famfon feshi ma'auni ne, kamar mudun da ake auna hatsi da shi. Aikinsa shi ne ya ɗauki magani ɗan kaɗan, ya raba shi daidai a kan fili mai faɗi, kowane taku ya sami rabonsa, kuma kada ya zuba a jikin mai feshin. Famfon da ya iya wannan shi ne mai kyau ko da ƙarami ne. Wanda bai iya ba, girman tankinsa da ƙyallin launinsa ba za su hana shi ƙona shuka a nan ya bar ciyawa a can ba. Saboda haka zaɓen famfo yana farawa daga aikin da za a yi da bakin da zai fitar da maganin, daga nan a komo kan jikin famfon, sa'an nan a yi maganar kuɗi.

Dalilin ɗora maganar a kan awo yana rubuce a jikin kwalbar maganin kanta. Maganin gona da aka yi wa rajista, wanda a Nijeriya za a ga lambar hukumar NAFDAC a jikinsa, yana faɗin adadin da ake buƙata, kuma galibi a kan hekta guda ake lissafa shi. Hekta kuwa murabba'in mita 10,000 ce. In faɗin feshinku mita 1 ne, kafin ku gama hekta kun yi tafiyar kilomita 10, kuma a cikin wannan doguwar tafiya ake so 'yan litocin maganin su rabu daidai-wa-daida. Inda ya yi kaɗan, ciyawa ta yi yaushi kwana biyu ta farfaɗo; ƙwari kuma masu rauni su mutu, masu taurin rai su tsira su hayayyafa, har a wayi gari maganin ya daina cin su. Inda ya yi yawa, ganye ya ƙone, kuɗi ya tafi, ragowar guba ta zauna a jikin abin da za a ci. Manoman tumatir na Kadawa da Kura da sassan Kaduna da Katsina ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar sarrafa tumatir ta Kadawa kuma ta tsaya saboda rashin kaya. Tsutsar tana shigewa cikin naman ganye ta ɓuya, kuma an san ta da saurin sabawa da magani. Irin wannan ƙwaro ba a cin ƙarfinsa da ƙara magani a tanki. Sai an dace da irin maganin, an dace da lokaci, kuma ya isa inda take da adadin da ya kamata, wannan na ƙarshe kuwa aikin famfo ne.

Ayyukan da ake yi da famfo a lambu iri biyu ne, kuma buƙatunsu sun saɓa wa juna. Maganin ciyawa irin su gilaifoset, da aka fi sani da sunan Roundup, ko farakwat, da aka sani da Gramoxone, ba ya bambanta ciyawa da shuka. Duk koren ganyen da ya taɓa ya taɓu. Don haka ake so ya fito da manyan ɗigo masu nauyi, ya sauka a kan ƙiri-ƙiri ko aya-ayar da aka nufa, kada iska ta kwashe shi zuwa kan albasar maƙwabci. Maganin ƙwari da na cututtukan ganye kuwa ana so ya fito da ƙananan ɗigo masu yawa, domin darɓa da farin ƙuda da jan gizo-gizo a ƙarƙashin ganye suke zama, kuma sai ɗigo mai laushi ne ke kutsawa cikin duhuwar shuka ya manne a can. In aka rage kaurin ɗigo da rabi, ruwan da ya ba da ɗigo 1 zai ba da 8. Wannan ne ya sa ƙaramin ɗigo ya fi rufe ganye, kuma shi ne ya sa ya fi saurin bin iska da bushewa kafin ya sauka, barin ma a hunturu da bazara, sa'ad da noman rani ke tsakiyarsa. Ke nan abin da ake nema a feshin ƙwari shi ake gudu a feshin ciyawa, kuma famfon da ba ya barin mai shi ya sauya girman ɗigo, ɗaya daga cikin ayyukan biyu kaɗai zai yi da kyau.

Abin da ke yanke girman ɗigo da faɗin feshi shi ne ɗan bakin nan da ke ƙarshen sanda, wanda masu shago ke kira nozul. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma a kansa aikin ya rataya. Akwai mai tsaga, wanda ke fitar da ruwa a shimfiɗe, layi ɗaya mai faɗi. Akwai mai harshe, wanda ruwan ke dukan wani ɗan tudu a bakinsa ya bazu da manyan ɗigo. Waɗannan biyu na ciyawa ne, kuma mai harshen ya fi dacewa da famfon goyo don yana aiki da matsi kaɗan. Akwai kuma mai zobe, wanda ruwan ke juyawa a cikinsa ya fito a kewaye, tsakiya fanko, da ɗigo mai laushi. Wannan na ƙwari da cuta ne. Yawancin famfunan kasuwa suna zuwa da wani baki da ake murɗawa, daga tsartuwa ɗaya mai nisa har zuwa hazo. Masu saye suna son sa don yana nuna kamar ya iya kome. A gaskiya shi ne mafi ƙarancin amfani ga mai son awo, domin ba wanda zai murɗa shi yau ya tsaya daidai inda ya tsaya jiya, kuma kowace murɗawa tana sauya yawan ruwan da ke fita. Bakuna masu tsaga da aka ƙera bisa ƙa'idar duniya suna da launin da ke faɗin abin da suke fitarwa a matsin bar 3: rawaya lita 0.8 a minti, shuɗi lita 1.2, ja lita 1.6. Baki yana cinyewa da aiki, na tagulla ya fi saurin cinyewa, musamman da maganin gari. In ya fara fitar da abin da ya haura na sabo da kashi 10 cikin 100, lokacin sauya shi ya yi. Don haka tambayar farko da za a yi wa mai shago ita ce: sandar famfon nan tana karɓar bakunan da ake samu a kasuwa? In ba ta karɓa, a ajiye shi a duba wani.

Bayan baki sai matsi, domin baki ɗaya yana ba da ɗigo daban-daban gwargwadon ƙarfin da aka tura masa ruwa. Feshin ciyawa yana son matsi kaɗan, tsakanin bar 1 da 2, na ƙwari kuma wajen bar 3. Ƙaramin famfon nan mai lita 5 ko ƙasa da haka, wanda ake buga wa iska a rataya a kafaɗa, yana farawa da ƙarfi ya yi ta raguwa, don haka farkon kunya yakan sha magani fiye da ƙarshenta, sai in mai shi yana tsayawa akai-akai ya ƙara bugu. Ba a cika shi fal, sai a bar wa iska wuri. Famfon goyo mai hannu, wanda ake bugawa da hannu ɗaya ana riƙe da sanda da ɗayan, ya fi shi daidaito muddin mai feshin ya riƙe bugu ɗaya da taku ɗaya. Cikinsa iri biyu ne. Akwai mai fistin, wanda ke ba da matsi mai yawa, ya dace da feshin ƙwari da maganin ruwa mai tsabta, amma yashi da maganin gari suna goge shi ya fara yoyo. Akwai mai faifan roba, wanda matsinsa bai kai na fistin ba, amma ya fi jure ruwa mai datti da maganin gari. Mai lambun fadama da ke ɗibar ruwa daga rami ko magudana, kuma mafi yawan aikinsa ciyawa ce, mai faifan roba ya fi masa. Wasu famfunan suna da wurin saita matsi, kuma ana sayar da wani ɗan bawul da ake ɗaurawa kusa da baki, wanda ba ya barin ruwa ya fita sai a matsi ɗaya. Duk wanda ya same shi ya saya, domin yana gyara kuskuren hannun da ya gaji.

Sai yanzu maganar girma ta zo. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Famfo mai lita 16 in ya cika, haɗe da nauyin jikinsa, ya tasam ma kilo 20. Mai lita 20 kuwa ya kai wajen rabin buhun taki. Da wannan kaya a baya ake tafiya cikin kunya mai taɓo. Mutumin da kaya ya fi ƙarfinsa yakan yi sauri in tanki ya cika don ya rage nauyi, ya yi sanyi in ya gaji, awo kuma ya ɓaci. Mai lambun bayan gida, ko matar da ke noman alayyafo da latas da zogale a fili kaɗan, famfo mai lita 5 ya ishe su: filin murabba'in mita 500 cikawa biyu ko uku ce. Wanda ke da rabin hekta ko fiye, famfon goyo mai lita 15 ko 16 shi ne daidai. Mai lita 20 sai ga ƙaƙƙarfa wanda ruwa ya yi masa nisa.

Da yawa za su ce wannan duk tsohon yayi ne, tunda ga famfo mai batir, ba bugu ba wahala. Maganar tana da gaskiya a cikinta. Mai batir yana riƙe matsi ɗaya fiye da yadda hannun mutum zai iya, kuma yana barin mai feshi ya mai da hankali kan sanda da takunsa. Ga dattijo ko mai ciwon kafaɗa wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma a yi la'akari da abu uku kafin a biya. Batirin yana son caji, kuma yana mutuwa in aka ajiye shi watanni babu caji, abin da kan faru tsakanin girbi da shuka. In ya ƙare a tsakiyar gona da magani a tanki, aiki ya tsaya, maganin da aka haɗa kuma ba a so ya kwana. Na uku, da yawansu suna fitar da ruwa da ƙarfi sosai, wanda ya dace da ƙwari amma ya yi wa ciyawa yawa, sai in suna da maɓallin rage gudu. Wanda ya zaɓi mai batir ya nemi mai maɓallin, kuma wanda aka haɗa masa hannun bugu don ranar da batir ya ƙi. Injin goyo mai fetur da ke hura magani da iska na itatuwa ne, irin su koko a kudancin Nijeriya da Gana, ko gonar mangwaro. A lambun da ke da maƙwabta kusa, hazonsa ɓarna ne, kuma ba a feshin ciyawa da shi. Haka ma ɗan famfon nan mai faifai da ke juyawa da batirin tocila, wanda manoman auduga na arewacin Kamaru da Chadi suka daɗe suna amfani da shi. Yana rufe hekta da ruwa lita 10 ko ƙasa da haka, abin da ke da amfani inda ruwa ke da wuya, amma da iska yake dogara ta watsa maganin, don haka bai dace da lambun da tumatir da latas da kabeji ke jere kusa da juna ba.

In an san irin da ake so, saura dubawa a shago, kuma wannan ba a yin sa da ido kaɗai. A ce wa mai shago ya zuba ruwa har rabin tanki. A rufe murfin, a karkata famfon gefe da gefe, a shafa hannu a wuyan tankin. In hannu ya jiƙe, haka bayanku zai jiƙe duk sa'ad da kuka sunkuya. A buɗe murfin a duba ko akwai zoben roba a cikinsa, da ɗan ramin shigar iska mai bawul, da rariya mai zurfi a bakin tankin. A buga hannu har ya yi tauri, a saki, a dakata ba tare da an danna madanni ba, a duba ƙasan tankin da mahaɗar tiyo da wurin riƙo. Ɗigo ɗaya a wurin riƙo yana nufin tafin hannu zai wuni cikin magani. A danna a fesa a kan busasshen siminti ana tafiya a hankali, bakin yana sama da ƙasa da kamar rabin mita. In jiƙewar ta fito layi-layi, wani wuri duhu wani wuri fari, bakin ba shi da kyau. A saki madanni a ga ko ruwan ya yanke nan take ko yana ci gaba da ɗiga. A goya shi, a ji ko maɗaurin yana da faɗi ko zai yanki kafaɗa. A ɗaga shi a haske a ga ko ana ganin ruwan daga waje da lambobin lita a jikinsa. A duba tsawon sandar kuma, domin gajeriyar sanda tana kawo feshi kusa da ƙafa, mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe kuma ita ke shiga ƙarƙashin ganye, ko cikin ƙoƙon masara inda wata tsutsa ta daban da ta ɓulla a Nijeriya a 2016 take ɓuya.

An dage a kan yoyo ne domin mafi yawan gubar da ke shiga jikin mai feshi ta fata take shiga, kuma zafi da gumi suna ƙara mata saurin shiga. Rigar da ta jiƙe da magani a baya tana manne da fata har a tashi aiki. A gindin takardar kwalba akwai layi mai launi da ke nuna girman haɗari: ja shi ne mafi tsanani, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Farakwat ba shi da makari, kuma kurɓa kaɗan tana iya kisa. Madarar da wasu ke sha bayan feshi ba ta karya guba. Abin da ke kare mutum shi ne famfo marar yoyo, riga mai dogon hannu, takalmin roba, safar hannu ta roba, abin rufe hanci da baki, da wanka da sabulu da zarar an gama. Baki in ya toshe ba a hura shi da bakin mutum, ba a kuma tsokane shi da allura ko waya, don suna faɗaɗa ramin. A kwance shi a wanke da ruwa da tsohon buroshin haƙori da aka keɓe don haka. Wanda ya ji jiri, amai, yawan miyau ko duhun gani bayan feshi, a kai shi asibiti tare da kwalbar maganin.

Babbar hujjar da ake kawowa don sayen famfo mafi arha ita ce ta kuɗi, kuma bai kamata a raina ta ba. Lokacin da ake buƙatar famfo shi ne lokacin da ake neman iri da taki da man injin ban ruwa, aljihu kuwa ɗaya ne. Amma famfo sau ɗaya ake saye, magani kuwa kowace kaka. In famfo ya sa ana zuba lita 5 inda lita 4 ta isa, mai shi yana zubar da kwalba guda a kowace hekta, a kowane feshi, kuma ba da daɗewa ba abin da ya zubar zai haura abin da ya ji ya rage ranar saye. Duk da haka amsar ba wai dole sai an sayi mafi tsada ba. Akwai sunaye da suka daɗe a hannun manoma, irin su CP3 mai lita 20 da CP15 na kamfanin Cooper Pegler, da Jacto na Brazil, da Solo na Jamus, amma suna kaɗai ba ya isa, don ana kwaikwayon siffar sanannun famfuna. Abin dubawa na gaskiya shi ne kayan gyara. Robobi da tiyo da madanni su ne ke fara mutuwa. Famfon da ake samun waɗannan a kasuwar garinku zai yi shekaru, wanda ba a samu kuwa zoben roba guda zai mai da shi shara. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya sayen famfo mai sauƙin kuɗi wanda ya ci gwajin ruwa, ya cire bakin da ya zo da shi, ya sayi bakuna biyu masu kyau, ɗaya na ciyawa ɗaya na ƙwari. Ya kuma riƙa ajiye shi a inuwa, domin rana tana gasa roba har ta tsage.

Akwai shawarar da ta fi wannan nauyi, ita ce a raba famfon ciyawa da na ƙwari. Maganin nan 2,4-D da ake fesa wa ciyawa mai faɗin ganye a gonar shinkafa da masara, ragowarsa kaɗan a tiyo ko a roba ta isa ta murɗe ganyen tumatir, kuɓewa, wake ko auduga. Ganyen ya tsuke ya nannaɗe, mai lambu ya ɗauka cuta ce, ya sake sayen magani ya zuba a famfon da ya jawo ɓarnar. Za a ce wankewa ta isa. Wankewa tana ragewa ƙwarai in an yi ta yadda ya kamata: sau uku, da sabulu, ana buga ruwan yana fita ta sanda da baki, nesa da rijiya da magudanar da dabbobi ke sha. Sai dai robobi suna riƙe wani abu daga irin wannan magani, kuma mutumin da ya gaji da yamma bai cika yin wanki uku ba. Wanda ba zai iya sayen biyu ba yana da mafita. Ƙungiyar manoma ko maƙwabtan fadama suna iya haɗa kuɗi su sayi famfo ɗaya na ciyawa, su shafa masa jan fenti, kowa kuma ya riƙe nasa na ƙwari, ko da ƙarami ne.

Famfo mai kyau ma sai an auna shi da takun mai shi, tunda ba mutum biyu da ke tafiya iri ɗaya. A auna fili mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, murabba'in mita 100 ke nan. A zuba ruwa zalla wanda aka san yawansa, a fesa filin da irin tafiya da bugun da aka saba, a auna abin da ya rage. A ce lita 2 ta tafi. Hekta ta ninka wannan fili sau 100, don haka ana buƙatar ruwa lita 200 a hekta, wato tanki 12 da rabi na famfo mai lita 16. In takardar kwalba ta ce lita 4 a hekta, a raba lita 4 gida 12 da rabi, kowane tanki ya sami mililita 320. Wani mai sauri da ya kashe lita 1 da rabi kawai a wannan fili, tankinsa zai rufe wuri mafi faɗi, don haka nasa awon ya haura 320. Wannan ne ya sa al'adar cewa gwangwanin madara kaza a kowane tanki, wadda ake gada daga maƙwabci, ba abin dogaro ba ce: an auna ta da famfon wani da ƙafar wani. Duk sa'ad da aka sauya baki sai a sake awo. Ruwan haɗi kuma ya zama garau, domin gilaifoset da farakwat suna manne wa laka su rasa ƙarfi tun a cikin tanki. Ruwan rami a bar shi ya kwanta, a tace, kuma kada a jefar da rariyar tanki don tana rage saurin cikawa.

Wani zai ce shi ba ruwansa da wannan duka, 'yan feshi yake ɗauka. Mai feshi da ya sami horo, yake da kayan kariya, ya fi mai gonar da bai san kome ba, kuma sana'a ce da ta cancanci a ƙarfafa ta. Amma mai gona ne zai ci riba ko asara. In ana biya a kan tanki, ba abin da zai sa mai feshi ya yi tsimin tankuna. In ana biya a kan gona, ba abin da zai hana shi sauri. Famfon da ya zo da shi kuma ba ku san abin da ya sha jiya ba. Mai gonar da ya san tanki nawa filinsa ke ci, ya san bakin ciyawa da na ƙwari, shi ne zai iya tsayawa a bakin kunya ya ce a wanke, a sauya baki, ko a dakata har iska ta lafa.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta masu cewa sayen famfo yana jawo yawan feshi, kuma gara a koma ga fartanya. A ƙaramin lambu suna da gaskiya a kan ciyawa: noma da hannu da rufe ƙasa da tattaka sun fi maganin da zai iya taɓa shukar da ke kusa. Gaskiya ne kuma wanda ke da famfo a rataye yakan fesa kowane mako ko ya ga ƙwaro ko bai gani ba, ya kashe ƙudan zuma da ƙwarin da ke cin masu ɓarna, har ya tsinki tumatir kafin kwanakin da takarda ta ce a jira su cika. Ragowar magani a abinci tana da tsada: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda ita, ko da yake maganin ajiya ne ya jawo. Sai dai maganin wannan shi ne a duba gona kafin a fesa, a tambayi malamin gona, a fesa da sassafe ko da yamma. Rashin famfo ba ya hana mutum amfani da guba, sai dai ya sa shi yayyafa ta da tsintsiya ko ganye, wanda ya fi kowane famfo haɗari. Ko ruwan 'ya'yan darbejiya da ake jiƙawa don korar ƙwari, sai an tace shi an fesa da baki mai zobe kafin ya isa ƙarƙashin ganye.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya ɗauki famfon da ke gidansa, ko ya ara, ya wanke shi, ya auna fili mita 10 da mita 10, ya fesa da ruwa zalla, ya rubuta lita nawa ta tafi da wuraren da ya ga yoyo. Ya kwafo kuma adadin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin da ya saba amfani da shi, amma kwalbar ta zauna a ma'ajiyarta, kada a kawo ta aji. Da waɗannan lambobi za mu lissafa awon tankin kowa. Wanda bai sayi famfo ba tukuna, kada ya biya kuɗi sai an zuba ruwa an gwada a gabansa.